Ruwan Rijiyarmu ta Miskine

Aikina a wancan lokacin duba fitsari ne da jini, a ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti da ke bayan titin Koudoukou, a unguwar Kilomita Biyar, cikin Bangui. Mai labo ake kirana, don labo ake ce wa ɗakin gwaji. Inna kuwa, idan ta so ta ɓata mini rai, sai ta ce mai wasa da fitsarin mutane, ta hana ni sa hannu a kwanon tuwo sai na wanke shi a gaban idonta. Kafin rikici ya ɓarke tsakanin Musulmi da Kirista aikin ba wuya, 'yan takardu ne sirara muke tsomawa, su canza launi, mu duba mu faɗa wa likita. Da aka toshe hanyoyi takardun suka ƙare, sai na hau kujera na sauko da tsofaffin kwalaben da dattijon da ya koya mini aiki ya bari a saman kanta.

Biyu daga cikinsu na fi amfani da su. Ɗaya fara ce, ruwanta garau, mai neman furotin. Idan ƙodar mutum ta fara zubar da abin da bai kamata ta zubar ba, ko mai ciki ta zo ƙafa a kumbure, ko an ɗebo ruwan ƙashin bayan yaron da ake zargin sanƙarau, sai in ɗiga wannan ruwa a ciki. In da furotin, wani farin hayaƙi zai tashi a cikin kwalbar gwaji. Ɗayar kuma baƙa ce, ruwan azurfa ke ciki, ita gishiri take nema. Ba ta son haske, kuma in ta taɓa yatsa ba za ka ga komai ba sai ka fita rana, sannan wurin ya yi baƙi ƙirin. Yatsuna sun yi shekaru a haka, har mata suna tambayata wa ke yi mini lalle.

Mu mutanen Miskine ne. A can aka haife ni, a can kakana ya sauka da ya zo daga Damagaram da fatauci, ya haƙa rijiya a tsakar gida tun kafin ya gama ginin ɗakuna. Ranar da abin ya iso unguwarmu mun fito da abin da ke jikinmu kawai, muka sauka a gidan kawu a Kokoro, nan ɓangaren Kilomita Biyar. Bayan 'yan kwanaki yayana ya ce zai koma ya ɗauko keken ɗinkin matarsa, domin da shi suke ci. Da safe ya fita, gari ya waye sarai, ba wani ɓoye-ɓoye, yana cewa kowa a Miskine ya san shi. Bai dawo ba.

Na neme shi inda ake neman mutane a lokacin. Na bi layin gawawwakin da ake shimfiɗawa a harabar masallaci ina ɗaga mayafi, na tambayi direbobin motocin da ke kwaso su, na kira duk wanda nake da lambarsa a wancan ɓangaren. Ba wanda ya ce ya gan shi a raye, ba wanda ya ce ya gan shi a mace. Matarsa ta je wurin liman, ya ce mata matar wanda ya ɓata sai ta jira shekara huɗu, sai dai in an sami shaida. Haka ta zauna, ita ba mai takaba ba, ita ba matar aure ba, da 'yan kunnenta a kunne. A da ni da ita ba ma haɗuwa ba mu yi wasan ƙanin miji ba, ta ce mini ragon miji, in ce mata mai tuwon ƙulli. Duk wannan ya mutu, sai gaisuwa.

Na Inna ya fi tsaya mini a rai. Yaya ɗan fari ne, ita kuma irin matan da ne, tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Wancan take cewa, ko mai gidan yarinyar nan. Ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba yana jariri, ba ta yabe shi ba da ya girma, saboda haka da ya ɓata ma kunya ba ta bar ta ta tambaya ba. In na dawo daga nema sai ta dubi ƙafafuna, ta ce in je in ci abinci. Wannan abu ya riƙa ba ni haushi ƙwarai, har na taɓa ce mata, "Inna, ɗanki ne fa, ki yi kuka mana mu huta." Ta ce mini ba ni da ta ido, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Maganar rijiyoyi ta taso ne da aka ɗan sami sauƙi, mutane suka fara leƙa gidajen da suka bari. Kowa ya ji cewa an jefa mutane a rijiyoyi, kuma gaskiya ne, an zaro wasu. Wata rana wani dattijo mai sayar da kayan babur ya shigo labo da ruwa a kwalbar lemo, ya ajiye mini a kan tebur.

"Ɗana, duba mini. Da mutum a ciki?"

Na ce, "Baba, ba a yi wannan gwajin ba tukuna."

Ya ce, "Kana ganin cuta a fitsari, abin da ido ba ya gani, sai mutum ɗungurungum ne ba za ka gani a ruwa ba?"

Na yi masa bayani har na gaji, ya ƙi tashi. Don ya gane cewa kayan nan ba na rijiya ba ne, na zuba ruwan nasa a kwalbar gwaji na ɗiga ruwan azurfa. Nan take ya yi fari kamar an zuba madara. Dattijo ya ja da baya yana salati. Na ce ya kwantar da hankalinsa, kusan duk ruwan ƙasa yana da ɗan gishiri, bare unguwa irin tamu da masai ke kusa da rijiya. Na ɗebo na randarmu ta asibiti, wanda ni da likita muke sha, na ɗiga masa ya gani. Shi ma ya yi fari. Dattijon ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya dube ni da tausayi ya ce, "Ashe ku ma da shi a taku."

Na yi dariya a lokacin. Amma da yamma na zo shan ruwa, na tsoma moɗa a randa, na tsaya, na mayar da ita.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika Kilomita Biyar cewa mai labo yana gane rijiyar da ke da gawa. Suka yi ta zuwa da ruwa a kwalaben lemo, da na turare, da robobin man gyaɗa. Na daina taɓa baƙar kwalbar a gabansu, tunda ita kullum e take cewa. Na koma ga farar, ita kuma a ruwan rijiya kullum a'a take cewa, domin rijiya tana da yawa, abin da zai narke a cikinta ba zai kai ta nuna ba. Kowa na faɗa masa gaskiya, cewa garau ɗin nan ba shaida ba ce, ya nemi masu yasa su shiga su duba. Ba mai saurarena. Masu son komawa gida su tashi da murna, su ce mai labo ya wanke musu rijiya. Akwai kuma waɗanda wani nasu suke nema, su in ruwa ya fito garau sai fuskarsu ta faɗi, gobe su dawo da na wata rijiyar.

Ba wanda ya taɓa komawa da kwalbarsa. Sai suka taru a kan tagar labo, jere, ba suna a jiki, kowace daga gidan da ba kowa. Ni ba matsoraci ba ne, na yi aiki da jini da majina da abin da ya fi su muni, amma na kasa zubar da ruwan nan. Da azahar, idan titi ya yi tsit, irin tsit ɗin da muka koyi jin tsoronsa, rana takan ratso ta cikinsu ta zana inuwa a bango tana rawa. In motar sojojin ƙetare ta wuce sai su riƙa gogar juna suna ƙara. Wani lokacin nakan ji ƙarar, in ɗaga kai in saurara, ba motar da ta wuce. Na mayar da kujerata inda zan ba su baya, sai abin ya fi muni, na sake mayar da ita.

Na so in ɓoye wa Inna wannan sana'a da ta same ni, amma a unguwarmu ba a ɓoye komai. Ashe ta ari wayar matar kawu ta kira tsohuwar maƙwabciyarmu ta Miskine, wata Kirista mai sayar da garin rogo, wadda katanga ɗaya ta raba mu da ita tun ina tsumma. Mama muke ce mata. Ita ce ta riƙa ba ni kifi a ɓoye ina yaro, ita ce kuma ta fara koya mini zagi da yaren Sango.

Ranar wata Laraba bayan azahar na ɗaga kai na gan su a bakin ƙofar labo su uku, Inna da matar yaya da Mama. Shigowar Kirista irin Mama Kilomita Biyar, unguwar Musulmi, a lokacin ba ƙaramin abu ba ne, ta yafa gyale irin namu, ta rame, ta yi furfura. Na durƙusa na gaishe ta, ta shafa kaina ta ce na tsufa. Sannan ta kwance ƙullin zaninta ta fito da robar ruwa, ta miƙa wa Inna, Inna ta ɗora a teburina.

"Auta, duba mini ruwan nan," in ji Inna. "Ko za a iya sha."

Na san daga ina yake. Ruwan rijiyarmu yana da wani ɗan ja-ja da na sani tun ina yaro.

Na ce, "Inna, kin san wannan abin ba ya nuna komai. Na faɗa wa kowa."

"Ka duba dai."

"Ko ya fito garau, ba wai..."

"Na wasu kana dubawa."

Na ɗauko sabuwar kwalbar gwaji, na ɗauraye ta da tataccen ruwa, na tace nasu da takarda don ƙasa ta fita, na zuba. Hankalina kwance yake, wallahi, domin na san abin da zan gani. Na riga na shirya abin da zan ce musu, in sa Mama ta sha shayi, in nemi mai babur ɗin da zai fitar da ita lafiya. Na ɗiga ruwan farar kwalbar, na ɗaga ta saitin baƙin ƙyallen da nake ratayewa a bango don in ga da kyau.

Da farko ba komai. Sai wani siririn zare fari ya sauko daga inda ɗigon ya faɗa, a hankali, yana murɗawa, ya buɗe, ya tsaya a tsakiyar ruwan. Bai kai na fitsarin mai ciwon ƙoda kauri ba, amma ba sai an nuna wa mutum ba. Na ajiye, na ɗauko wata kwalbar, na sake yin komai daga farko. Haka ya sake yi.

Na juya ga Mama na tambaye ta da Sango, me aka taɓa zubawa a robar nan, madara ko kunu. Ta ce ta ruwan sha ce ta kanti, jikarta ta shanye, ita kuma ta ɗauraye ta da ruwan rijiyar kafin ta cika.

"Mama, kuna shan ruwan rijiyar nan?"

"Ba ma sha."

"Tun yaushe?"

Ta dubi Inna, ta dubi ƙasa. "Mun sa kwano mun rufe ta. Yau na buɗe."

"Me ya faɗa ciki?"

"Ɗana, ni ban ga komai ba. Ran nan mun kulle ƙofa, na kwantar da yara a ƙarƙashin gado. Ban ga komai ba."

Inna ba ta jin Sango sosai, amma ba ta nemi a fassara mata ba.

Sai raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Na fara magana da ƙarfi, abin da ban taɓa yi a gaban Inna ba. Na ce akuya ma in ta faɗa haka zai yi, kare ma haka, ɓeraye, kwaɗi, rijiyar da aka rufe ta daɗe ba a ja ba komai na iya taruwa a cikinta. Na ce ruwan kwalbar nan ya tsufa, ya girmi wasu ma'aikatan asibitin nan, ba abin dogaro ba ne. Na ce furotin furotin ne, ba ya zuwa da suna, ko likitan da ya fi kowa a Bangui ba zai dubi wannan ya ce ga wanda ke ciki ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau ban janye ko ɗaya ba. Suka bar ni na yi ta yi har na gama.

Matar yaya ce ta yi magana. Ta nuna kwalaben da ke kan taga ta ce, "Duk waɗancan, akwai wadda ta taɓa yi maka haka?"

Na ce babu.

Ta gyaɗa kai. Ta sa hannu ta cire ɗan kunnen dama, ta cire na hagu, ta ƙulle su a bakin gyalenta. Ba ta yi kuka ba a lokacin, sai wani numfashi da ta sauke mai tsawo, irin na wanda ya sauke tulu daga ka.

Na ce, "Liman ba zai karɓi wannan ba. In ya ce in rantse, ba zan rantse ba."

Inna ta ce, "Ba liman na tambaya ba."

Na kwashi kwalaben gwajin biyu na nufi wurin wanki, don haka hannuna ya saba, in an gama gwaji a zubar a ɗauraye. Ban ji tasowarta ba, sai na ji an riƙe mini wuyan hannu, riƙon da ban san tana da ƙarfinsa ba.

"Kada ka zubar mini da ɗa a kwata."

A tsawon rayuwata ban taɓa jin ta kira shi ɗanta ba. Na tsaya da kwalabe a hannu, ita ma ta tsaya, kamar ta ji kunyar abin da ya fito daga bakinta. Mama ta rufe fuska da gyale ta fara kuka a hankali. Na juye na ɗayar a cikin ɗayar, na toshe bakin da auduga, na miƙa wa Inna. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa a ƙirjinta ƙarƙashin mayafi, ta ce matar yaya ta ɗauko robar. Na raka Mama har inda za ta iya tafiya ita kaɗai, da za mu rabu ta ce in gaishe da yara.

A lokacin maƙabartarmu tana wajen unguwa, ba mai iya kaiwa can ya dawo, saboda haka a bayan gidaje ake binne mutane. Bayan gidan kawu akwai kaburbura a gindin mangwaro, na mutanen da ba danginmu ba ma. Bayan la'asar Inna ta miƙo mini fartanya ta nuna mini wuri a gefensu. Na dubi fuskarta, na karɓa na fara haƙa. Ta yago wani farin ƙyalle daga cikin kayanta, ta naɗe kwalbar, ta ɗaure sama da ƙasa. Mata ba sa zuwa maƙabarta, amma wannan maƙabartar ce ta zo gida, don haka suka tsaya daga bakin ƙofar kicin, ita da matar yaya. Kawu ya fito daga ɗaki, ya ga abin da ake yi, na zaci zai yi faɗa don mutum ne mai tsananin bin ƙa'ida. Sai ya cire takalmansa ya zo ya tsaya a bayana.

Ramin bai wuce kamu biyu ba. Na fara tsiyaye sauran ruwan robar a ciki, ƙasa ta shanye. Sannan na durƙusa na ɗauki ƙullin, ba nauyinsa ko kaɗan, ina jin sanyin gilashin ta cikin ƙyallen. Na san abin da ke ciki sarai, ruwan rijiya ne da ɗigon ruwan farar kwalbar, ni na haɗa su da hannuna. Na kwantar da shi, na kai hannu zan ja ƙasa, sai na ga ban iya ba. Kwalba ba ta da dama, ba ta da hagu, ba ta da fuska. Duk da haka na sake sa hannu na juya ta a hankali, na gyara mata kwanciya ta fuskanci alƙibla, sannan na ce Yaya, ka yafe mana jinkiri, na rufe.